Batirin Lasifikar Kawu

Shekarun baya, kawuna ne ladanin masallacinmu a wani ƙauye kusa da Fammar. Tsufa ya cinye masa murya, in ba da lasifika ba ko maƙwabcin masallaci ba ya jinsa. Lasifikar kuwa da wani tsohon batirin mota take aiki. Batirin nan shi ne ya riƙe wa Kawu ladancinsa, shi ma ya san haka.

Da batirin ya fara sanyi, kiran salla na yankewa a tsakiya, sai na ɗaure shi a bayan babur zan kai wa abokina mai caji a Rano. Kawu ya ce ƙafarsa ƙafata. Haka muka tafi, shi da batir suna rigimar wurin zama.

Abokina ya buɗe murafun ya leƙa, ya ce, "Baba, ruwansa ya yi ƙasa. Bari in ƙara masa ruwan batir, in sa shi a ƙaramar wuta ya sha a hankali. Gobe war haka zai farfaɗo."

Kawu ya ce, "Gobe? To wa zai kira la'asar yau? Kai dai ƙara masa wuta, ɗana."

Abokina ya dube ni, wai in sa baki. Ni kuwa gwanin surutu a majalisa, ranar sai na zama kurma. A gidanmu ba a mayar wa Kawu magana, kuma wallahi tausayinsa nake ji. Abokina ya yi ta lallashi, Kawu ya kafe, har dai abokin nawa ya murɗa cajar zuwa sama don kunyar furfura.

Ba a jima ba batir ya ɗau zafi, ya fara tafasa, warin baragurbi ya cika shagon. Abokina ya ce mu fita waje. Ya kashe wutar daga bango tukuna, ya bari iska ta shiga, sannan ya cire wayoyin, don tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi a fuskar mutum. Allah ya tsare mu, amma gefen batirin ya kumbura kamar burodi. Ya mutu ke nan. Sauri ya haifi nawa.

Haka muka hau babur muka koma gida.

Dattawan unguwa suka ce wani matashi mai ƙarfin murya ya riƙa kira kafin a samu sabon batir. Ba a samu ba sai bayan girbi. Ranar da aka haɗa shi, ni na miƙa wa Kawu abin magana da murnata. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Kai wa yaron. Kunnen jama'a ya saba da shi."

Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga nan ban ƙara gaggauta caji ba, ko na babur ne sai ya kwana. Amma ina amfanin wayon da ya zo bayan ɓarna? Kwana ɗaya tak batirin ya nema.

Kawu ya ci gaba da zama a sahun farko har Allah ya karɓi abinsa. In ana kiran salla, kowa bayan ladan yake amsawa. Shi kaɗai nake ganin leɓensa yana riga ladan motsi.