Shirun Hajiya Mai Ƙuli-ƙuli

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Litinin wayata ta zame daga cinyata, ta faɗa ƙarƙashin kujerar motar da ta ɗauko mu daga Damagaram zuwa Matameye. Na san lokacin ne don shi na gama dubawa. Kafin in sunkuya, wani dattijo mai buhun barkono ya gyara zama, ya ɗora dunduniyarsa a kanta. Ya yi ta ba ni haƙuri har muka wuce Kance. Na ce ba komai. Fuskar wayar ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

A Matameye aka haife ni, lokacin da aka turo marigayi babanmu koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, amma ina da shekara biyu muka bar garin. Takardar haihuwata ta tsufa, ninkin tsakiya ya cinye lambarta. An ce ba za a karɓi dosiyena, wato takarduna na jarrabawar shiga makarantar malanta, ba sai da sabuwar takarda, kuma ranar Alhamis ake rufe karɓa. Kuɗin mota zuwa da komowa ke hannuna, sai ɗan abin biyan takardar.

Mu ɗalibai ba mu kama ɗaki in tafiya ta kama mu. Mutum ya sauka gidan iyayen wani, wata rana a rama masa. Bara ƙanwar wata abokiyar karatuna ta yi sati a ɗakina lokacin jarrabawa, shi ya sa abokiyar ta ce in sauka wurin mahaifiyarsu. Na rubuta komai cikin kayyena, littafin rubutuna: in sauka tasha, in tambayi gidan Hajiya mai ƙuli-ƙuli, ƙofa shuɗiya. Na rubuta tsaraba, sabulu da dabino. Lambar waya kaɗai ban rubuta ba, tunda tana cikin waya. Da muke rabuwa ta ce mini, "Kada ki yi mamaki in Inna ba ta kama sunana ba. Ni ce ƴar fari, kunyata take ji."

Mai kabu-kabun da na tambaya a tasha ya ce kowa ya san Hajiya mai ƙuli. Ƙofar da ya aje ni ta fi kama da koriya, amma na ce rana ce ta ci fentin.

Na yi sallama na shiga. Mata uku ne a tsakar gida, ƙamshin man gyaɗa ya cika ko'ina. Hajiya siririya ce, idonta na hagu ya yi yana, sai ta karkata kai take ganin mutum. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Ƴarku ta Damagaram ce ta turo ni," na faɗi sunan.

Ta dube ni, ta dubi jakata, ta mai da kanta kan tunkuzar da take matsa. Ba ta ce komai ba. Maƙwabciyarta da ke bakin murhu ta soma cewa, "Hajiya, ai..." sai ta katse ta: "Ke, manki zai ƙone. A ba baƙuwa ruwa."

Shirun nan ya burge ni. Na ce a raina, ga kunya ta asali, irin wadda kakarmu take yi wa babanmu.

Da rana na je ma'aikatar magajin gari. Mai kula da rajista ya ɗaga takardata sama ya duba, ya ce tunda lamba ta goge sai an bi littattafan shekarar ɗaya bayan ɗaya, in dawo Laraba da safe. Kwana biyu ke nan. Ban yarda in zauna jira kawai ba. Talata da sassafe na koma da farar takarda, na rubuta shekara da wata da sunan iyayena da unguwar da muka zauna, kowanne a layinsa. Ya yi dariya ya ce, "Da gani ke ƴar mushe ce, ƴar malamin makaranta." Ya sa ta cikin aljihun rigarsa, ya ce gobe ba za ta wuce ba.

A gida kuwa na ga ya dace in ba Hajiya labarin ƴarta, tunda ita ba za ta tambaya ba. Na ce ta yi zazzaɓi watan jiya amma ta warke. Hajiya ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Na ce ita ce ta uku a ajinmu. Ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Maƙwabciyar ta juya baya, kafaɗunta na rawa, na ɗauka hayaƙi ne ya shaƙe ta. Na zauna ina taya su murza ƙuli, nawa duk girmansu ɗaya, sai suka sa ni gaba: "Ƴar boko, ƙuli ba lissafi ba ne, saki hannunki."

Bayan la'asar ɗin Talatar wata mata ta shigo da goyo, ta ce daga Ɗan Barto take. Hajiya ta kau da kai ta ce, "Waccan ta iso. A karɓar mata yaron." Maƙwabciyar ta raɗa mini, "Ƴar farinta ce. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba."

Ƙulin da ke hannuna ya ɓalle biyu. Ba mace mai ƴar fari biyu. Na tambaye ta a hankali ko akwai wata Hajiya mai ƙuli a garin. Ta ce akwai, can wajen hanyar Tsauni, ƙofarta shuɗiya shar. Wannan karon ba ta juya baya ba, a gabana ta yi dariyarta.

Na shiga ɗaki na tattara kayana. Na kwana kan tabarmar mutanen da ba su san ni ba, na ci tuwonsu sau uku, har ina ba su labarin zazzaɓin ƴar wani. Zuciyata ta ce in sulale in hau motar Damagaram, jarrabawa ta bari sai baɗi. Ni ce fa wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ko ta san amsa. Amma takardata tana fitowa gobe, kuma ban san da wace fuska zan je wancan gidan bayan kwana biyu ba. Na aje jakar. Na fita na durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, na yi ɓatan kai. Ba nan aka turo ni ba."

"Na sani," in ji ta, hannunta bai bar tunkuza ba.

"To me ya hana ku gaya mini? Kuma da me zan saka muku?"

Ta karkata kai ta dube ni da idon nan mai gani.

"Ƴar nan, kin shigo da rana tsaka, leɓenki a bushe, kina magana kamar mai rance da murya. In na ce miki ba nan ba ne, tasha za ki koma, ba za ki sake buɗe baki ki tambayi kowa ba. Tun jiya na aika wa waccan Hajiyar cewa baƙuwarta tana wurina. Ta ce in miƙo ki, na ce ba na ba da baƙon da ya riga ya sha ruwana. Gobe in kin karɓi takardarki sai ki biya ki gaishe ta, ki ba ta labarin zazzaɓin. Sakayya kuma, bayan kaka zan je Damagaram a duba mini idon nan, kuma ban san kowa ba a can. Ki rubuta mini kwatancen gidanku da kyau, har da launin ƙofa."