Rikodar Baba Ranar Saukata

Shekarar da na sauke Alƙur'ani ita ce shekarar da rikoda ta shigo gidanmu a Abakpa. Wani maƙwabcin Baba a layin 'yan yadi ne ya zo masa da ita tsarabar Makka. Baba kuwa in ya samu sabon abu, sai ka rantse shi ya ƙera shi. Ya ɗauki carar zakara, ya ɗauki Inna tana faɗa ya kunna mata, ta ce wannan akwati munafuki ne.

Ni murna ta hana ni zama wuri ɗaya. An yi wa allona zayyana, an ɗinka mini sabuwar atamfa, ƙafata ta sha lalle. Amma abin da na fi ƙwallafa rai a kai shi ne Baba ya ji karatuna. Da sassafe yake fita kasuwa, sai magariba ya dawo, bai taɓa zama ya saurare ni ba.

Ranar walima ƙofar gida ta cika maƙil. Dangi sun zo daga Rigachikun mota guda, ƙamshin waina har bakin titi. Malaminmu ya zauna kan buzu, na durƙusa gabansa da allo. Ya biya, na karɓa. Kai, muryata ta fita tar, ni kaina sai da na yi mamaki! Na saci kallon Baba. Yana tsugune can baya, ya rungume rikoda a ƙirji, idonsa kan kaset, hannunsa na korar yara. Har aka shafa fatiha bai ɗago ba. Na ji haushi ƙwarai, sai dai guɗar gwaggona ba ta bar ni na yi fushin da kyau ba.

Bayan la'asar ya tara mu a tsakar gida, baki har kunne.

"Ku zo ku ji 'yata!"

Ya danna. Sai muka ji: "Kai, ku matsa! Ku yi shiru ana ɗauka! Kai yaro, kar ka taɓa!" Muryar Baba ce tun daga farko har ƙarshe, don bakinsa ya fi kowa kusa da rikodar. Karatuna na can ƙasa-ƙasa kamar kukan sauro.

Inna ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "To Malam, ashe kai ka yi saukar."

Shi ma ya dara. Yayana ya ce a sa sabon kaset in maimaita. Baba ya ture rikodar gefe.

"Bar ta. Uwata, ɗauko allonki."

Ya naɗe ƙafa kan tabarma, ya zuba mini ido. Na yi bisimilla na fara, daɗi kamar ya kashe ni. Ban yi nisa ba na ga hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Da na kai ƙarshe ya ce, "Sake."