Ranar da aka karanta sunana a rediyo

Ina kan keken ɗinki a shagona da ke unguwar Nima, rediyo a ƙarƙashin tebur, sai na ji mai gabatarwa ya ce, “Sani Tela daga Nima yana sanar da mahaifiyarsa a Sakkwato cewa ya samu ɗa namiji.”

Na yi maza na kashe rediyon.

Wasiƙata ta farko ke nan bayan na koyi rubutu a makarantar yamma. Don murna na aika wa wata tashar ƙasar waje, har da sunan unguwa. A shekarun sittin kuwa, gwamnati tasharta take so a ji. Mai kama ta waje, in aka kai sunansa, sai Allah.

Ɗan nawa da aka sanar ranar nan ne, yanzu ya girma, aka yi wa haihuwa jiya, Alhamdulillah, shi ya tuna mini.

Bayan sanarwar nan, kwana biyu ban iya cin abinci ba. Rana ta uku sai ga Baba Isaka, ɗan jam'iyya mai mulki, wanda kowa ke cewa shi ke kai wa gwamnati rahoto. Ya shigo ya turo ƙofa.

“Sani, na ji ka.”

“Baba, wallahi kuskure ne. Jaririna ko suna ba a yi ba.”

Ya zaro takarda daga aljihu, fara fat.

“Kai, rage murya. Tawa tsohuwar tana Dosso, shekara tara ba ta ji ni ba. Rubuta mini wasiƙa zuwa tashar nan. Amma kada ka sa Nima.”

Na karɓi takardar na rubuta.

Ashe duk layinmu a ɓoye muke jin tashar, kowa na tsoron kowa. ’Yan zango, mazauna unguwannin baƙi irin tamu, a ina naku tsofaffin suke ɓoye rediyonsu?