Ranar da Inna Mariyatu Ta Kira Sunan Ɗanta

Kulu ta unguwar Gidan Dare ba ta taɓa haihuwa ba, an kuma sake ta sau biyu a kan haka. Shi ya sa da ciwon mantuwa ya kama Inna Mariyatu, dangi ba su wahala wajen neman mai jinya ba. Suka ce ai ga Kulu nan, ba miji, ba ɗa, aikin me take yi? Aikin da take yi shi ne tuyar masa a bakin titi, da ita take ci take sutura. Amma Inna yayar uwarta ce, ita ta riƙe ta tun tana rarrafe. Sai ta kife tanda, ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin tsohuwa.

Wanda bai yi jinyar mai irin wannan ciwo ba, ya yi shiru kawai. Kulu ce wanka, ita ce wankin zannuwan fitsari, ita ce ɓoye ashana da wuƙa. Ta mayar da sakatar ƙofa can sama inda hannun Inna ba ya kaiwa. Inna ta ci tuwo ta sha hura, a ɗauke kwano ta ce yunwa ake kashe ta da ita. Ta tura nama ƙarƙashin filo har ya yi wari. Wata rana ta kira Kulu ɓarauniyar kwalla, wata rana ta kira ta da sunan uwarta da ta rasu tuntuni. Kulu ta amsa duka.

Babban ɗan Inna kuwa, Alhaji Nasiru, yana Arkilla, gida mai bene, darakta a wata ma'aikata. Ran Juma'a yakan zo da ƙamshin turare, ya tsaya bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Kulu, ya mai jiki?" ya juya. Hujjarsa wai kunya. Shi ɗan fari ne, ana yaye shi kakanni suka ɗauke shi, kuma tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa. Ko lokacin da ya kwanta asibiti, Inna ba ta je ba, Kulu ce ta aika. Shi kuma yana alfahari da haka cikin abokai, wai irin tarbiyyar gidansu ke nan.

To, sai ga wata Juma'a ya zo da abokan aikinsa su gaida tsohuwa. Ana cikin gaisuwa Inna ta ɗaga murya har zaure.

"Nasiru! Ina kunka kai mini Nasiru? Yaron ga bai sha nono ba!"

Baƙi suka sunkuyar da kai. Alhaji ya fita ko sallama babu.

Tun daga ranar, kiran bai tsaya ba. Safe da yamma tana leƙa bayan randa, tana ɗaga labule, tana neman jaririn da aka raba ta da shi, wanda al'ada ta hana ta yi wa kuka a lokacin. Ko makaho ya ga haka. Likita ya riga ya gaya musu ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke zuwa da tsufa. Hafsat, ma'aikaciyar jinya da ke zuwa wanke mata gyambon kwanciya, ta maimaita musu. Amma ina! Ciwon ƙwaƙwalwa a dangi, ga 'yan mata a gida sun isa aure? Aljani ya fi sauƙin faɗa, tunda shi daga waje yake zuwa. Alhaji ya yanke hukunci: uwarsa ba za ta taɓa kiran sunansa ba, don haka mai magana a bakinta ba ita ba ce.

Aka samo wani mai cire aljanu a wani ƙauye gaba da Kwalkwalawa, wanda ke ajiye marasa lafiya a wurinsa. Kulu ta san irin wurin. Ta ga ɗiyar maƙwabta da aka dawo da ita daga can, idon sawu duk sawun marin ƙarfe, murya ta dushe da hayaƙi. Wai nan za a kai tsohuwar da ko tafiya da ƙyar take yi.

Da hantsi motar ta tsaya ƙofar gida. Alhaji ya shigo, mai aljanu na biye da shi da jaka da tsumagiya. Kulu na tsefe wa Inna kai.

"Haɗa mata kaya, Kulu."

"Zuwa ina, Yaya?"

"Kin sani. Magani za a yi mata."

"Maganin mi? Don ta kira sunanka? Kai ka raɗa ma kanka shi, ko ita ta yi naƙudarka?"

"Kulu, ki iya bakinki. Wagga ba Inna ta ba."

"Awo? To wa nike wanke ma kashi kullum, aljani? Da ka taho ka kama mini, da kun gaisa."

Inna ta dubi Alhaji sama da ƙasa, ta ja gyale ta rufe fuska. "Kulu, wane baƙo na? Ba shi tabarma. Ki tambaye shi ko ya ga Nasiru bisa hanya."

Mutum mai zuciya, a nan zai durƙusa. Alhaji sai ya waiwaya ya ce wa mai aljanu, "Ka ji ko?"

Kulu ta ajiye matsefi. Ta fita ba ko takalmi, ta zauna daɓas a ƙasa gaban motar, ta buɗe murya yadda take kiran masu sayen masa.

"Jama'ar Gidan Dare, ku taho ku gani! Alhaji Nasiru za ya kai uwa tai a sa mata mari! Nasiru na Arkilla, darakta!"

Mata suka leƙo ta katanga. Masu Keke Napep suka rage gudu. Tela ya bar kekensa, limamin unguwa ya fito yana gyara rawani. Alhaji ya fito yana magana ƙasa-ƙasa.

"Tashi, don Allah, kina tara mini mutane."

"Ban tashi. In kunka ɗauke ta, gobe bakin ofishinka za ni zamna. Ni ba ni da kunyar ɗan fari, sunanka zan ta kira har a tashi aiki."

Kada wani ya ce tausayi ya kama shi. Idon mutane ya gani, ya kuma ga wani saurayi ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Nan take ya ce wa liman ai dama shawara ce suka zo yi, ba wani abu ba. Ya tura mai aljanu cikin mota, Kulu ta ja jiki gefe, suka wuce.

Kafin azahar matarsa Na'ima ta cire Kulu daga zauren dangi na waya, aka kuma aiko cewa ta zubar wa gida mutunci. Kulu ba ta ma saurari ɗan aiken ya gama ba. Hayaniyar ta firgita Inna har ta jiƙa shimfiɗa, ga shi an ɗauke ruwan famfo. Ta ɗauki bokiti ta nufi rijiyar maƙwabta.