Koren Ƙyalle a Bakin Aljihu

Dattijon yana tsaye gaban teburin ma'aikaciyar laburare, ya rungume hularsa a ƙirji kamar mai gaisuwar rasuwa. Farcensa duk baƙin mai, da alama bakanike ne. A bakin aljihunsa an maƙala ɗan koren ƙyalle da fil. Ƙyallen ya koɗe har ya kusa fari, ko wajen wanki ba a cire shi.

"'Yata, an ce akwai kundin sani a intanet. Duba min ranar wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda muke tattaki dominta a garin nan."

Ta duba, ta tarar an goge shafin. Ta ɗago kai ta ce: "Baba, masu kula da kundin sun ce ranar ba ta shahara ba, jaridu ba su yi maganarta sosai ba."

Bai yi faɗa ba, ita kuwa da faɗan ya yi da ta fi samun sauƙi. Yana shafa ƙyallen, alamar masu tattakin, da babban yatsa, a hankali, yadda ake shafa goshin mai zazzaɓi. Tana ta saƙe-saƙe a ranta: wa yake tunawa da ƙyallen nan, ɗansa ne, ko wani ƙaninsa da aka riƙa cewa miskilanci ne kawai ke damunsa? Wani dai ya daɗe a ɗaki shi kaɗai, ana wuce ƙofarsa.

"Ba laifinsu ba ne," in ji shi, yana mayar da hularsa. "Mu ma da yana raye ba mu yi maganar ba."