Takardar da Aka Naɗe

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, amma har yau in na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci.

'Yata ta biyu tana shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta a nan Gadarif ta Sudan. Saura kwana tara ta miƙa aikin kammalawa, sai ga ta da rana tsaka tana kuka, wai ustaz mai kula da ɗakin kwamfutoci ya hana ta shiga. Ya ce barnamij ɗinta, wato umarnin da ta rubuta wa inji don lissafin ruwan sama a gonakin riɗi, ya danne babban injin, sauran ɗalibai sun kasa aiki.

"Sharri ne, Yumma. Duba."

Ta miƙo mini takarda a naɗe. Ta ce injin da kansa yake ƙirga lokacin da ya yi wa kowa aiki, ba zaman kujera ake dubawa ba. Nata daƙiƙa huɗu. Lamba kam ina karantawa, na yi ajin manya. Na ga huɗun da idona.

Na yafa tob, babban mayafinmu, muka hau raksha mai ƙafa uku zuwa makarantar. Ko gaisuwar kirki ban yi wa mutumin ba.

"Ustaz, daƙiƙa huɗu ce za ta hana yarinya takardar shahadar kammala karatu? Ka ji tsoron Allah."

Ya ba ni kujerarsa. Ya ce, "Ya Hajja, warware ƙasan takardar."

Na warware. Ashe akwai layi na biyu: awa goma sha ɗaya. Ya yi mini bayani a hankali. Barnamij ɗin nata ba ya yin aikin da kansa. Rarrabawa yake, ya tayar da ƙananan barnamij masu yawa, ya zauna yana jiransu. In sun gama, injin ya rubuta lokacinsu daban, a ƙasa. "Duka nata ne," in ji shi.

Na juya na dube ta. "Kin san da wannan layin?"

"Ai shi kansa barnamij ɗin huɗu ne, Yumma."

Ita ta naɗe takardar. Ta san iya karatuna, ta san abin da aka nuna mini shi zan riƙe, sai ta ɗauko ni da furfurata na zo na tuna wa mai gaskiya tsoron Allah.

Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ta dawo gobe, amma ƙananan su riƙa tashi biyu biyu. Na ce a'a, ba za ta zauna gaban injin ba sai ta tsaya gaban waɗanda ta ɓata wa aiki ta faɗi adadin da bakinta.

Ta faɗa, murya can ƙasa. Na ce ban ji ba. Ta sake.

Ta miƙa aikinta ranar ƙarshe. Ni kuwa sai da na yi mako ina amsa gaisuwarta da kai kawai.