Kafaɗar Gwaggo Zita

A garinmu na Afenzel, cikin duwatsun Suwizalan, ba a akwati ake zaɓen shugabanni ba. Lahadin ƙarshen watan Afrilu maza ke cika dandali, kowa da takobinsa, don shi ne shaidar yana da ta cewa. Sai a ɗaga hannu, a duba ɓangaren da ya fi yawa. Mu mata namu leƙe ne ta taga.

Gwaggo Zita, yayar babana, ta goge takobin ubanta tun tana budurwa. Da ta yi aure ta koma goge na mijinta Albin, mai shanu da taurin kai. Tatsar nono da ɗaukar curin cuku suka cinye mata kafaɗu, har hannuwanta suka daina wuce kunne. Amma bakinta garau yake. Duk shekarar da aka kawo maganar bai wa mata ƙuri'a, tana kallon hannun Albin a sama cikin masu cewa a'a. In ya dawo ta dire masa kwanon dankali.

"Ci, sarkin yaƙi, ka sha aiki."

Kwatsam, a ƙarshen 1990, babbar kotun ƙasa ta ce dole a bar mata su shiga dandali. Wayyo daɗi! Na ruga gidanta cikin ƙanƙara, ko rigar sanyi ban ɗauka ba. Na same ta gaban madubi tana kokawa da hannunta, ba ko murmushi.

"Ke 'yar nan," ta ce, "cikin dubban mutane, wa zai ga hannun da ya tsaya a kunne?"

Duk lokacin sanyin nan a rumfar shanu ta ƙare shi. Ta rataya igiya a katakon rufi, tana jan hannu ɗaya da ɗayan, tana cije baki. Albin yana leƙowa.

"Tsohuwa, shanun ne za su zaɓe ki?"

"Su dai sun fi ka jin magana."

Ranar ta zo. Ƙararrawar coci, masu busa, mata ko'ina sun ci ado, wasu na dariya suna share hawaye. Turereniya ta raba ni da gwaggo, ina hango ta can gaba kusa da Albin.

Aka zo zaɓen alƙali. 'Yan takara biyu ne: mahaucin da Albin ke wasan karta da shi, da wani malamin makaranta da ya daɗe yana shan zagi saboda goyon bayan mata. Aka kira mahauci, Albin ya ɗaga hannu har da ɗage. Aka kira malami, na ga hannun gwaggo ya taso, ya kai kunne, ya tsaya cak. Hulunan maza sun rufe shi ruf. Ga shi ba hanyar da zan kai gare ta.

Sai na ga Albin ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sa tafin hannunsa ya tallabo gwiwar hannunta, ya tura sama.

"Buɗe yatsun mana! So kike a ce matar Albin ba ta zo ba?"

Yatsu biyar, karkatattu, sun fi kowace hula tsawo! Ihu na kurma, na manta a taro nake. Mahaucin kuwa yana kallonsu daga kan dakali, baki buɗe.

Malamin bai ci zaɓen ba, gwaggo ko a jikinta. A ƙofar gida Albin ya miƙa mata takobin kamar kowace shekara. Ta dube shi, ta dubi takobin.

"Tsumma na bayan murhu," ta ce. "Ni yau na sha aiki."